Baba ya ce in bar duk ƙungiyoyin makaranta: in bi umarninsa ko in ci gaba a ɓoye?

Assalamu alaikum, Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 19, haifaffiyar Zariya, ina shekara ta biyu a wata ƙaramar kwaleji da ke wani ɗan gari a tsakiyar ƙasar Amurka, inda na samu cikakken tallafin karatu. Ɗaliban makarantar gaba ɗaya ba su kai 2,000 ba, kuma ni kaɗai ce Bahaushiya. Ranar da zan taso, Baba, wanda tsohon malamin sakandare ne da ya yi ritaya, ya ja mini kunne cewa karatu zan je yi, kada ya ji na shiga wata ƙungiya ko wani taro. Shekarar farko na kiyaye. Daga aji sai laburare, daga laburare sai ɗaki, sai kuma aikin awa 10 da nake yi a mako a ɗakin cin abincin ɗalibai. Sakamakona ya yi kyau, amma kaɗaici ya kusa kayar da ni, musamman lokacin sanyi, don akwai ranakun da ban buɗe baki na yi magana da kowa ba.

A bana malamar da ke ba ni shawara kan karatu ta ce in fito in shiga mutane. Na shiga ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da ta ɗaliban Afirka, da jaridar ɗalibai, da kuma masu zuwa koya wa yaran firamare lissafi a cikin gari. Na samu ƙawaye, walwalata ta dawo. Sai dai abubuwan nan suna cin mini kusan awa 20 a mako, kuma a jarrabawar tsakiyar zango ta kimiyyar sinadarai na faɗi warwas, alhali burina da na Baba shi ne in zama likita. Ana cikin haka aka yi daren al'adun Afirka, na soya waina, na hau dandamali da atamfata da mayafina tare da sauran ɗalibai maza da mata, aka sa hoton a shafin makaranta na Facebook, wani ɗan'uwanmu ya nuna wa Baba. Yau mako biyu ke nan ba ya ɗaukar wayata. Umma ta ce saƙonsa shi ne in bar komai in koma yadda nake. Wata ƙawata ta ce in ce masa na bari, in ci gaba da abina, tunda ba gani yake ba. Bai san maganar jarrabawar ba tukuna. Ba na shan komai, kuma ba na zuwa casun da ake yi a ƙarshen mako. Ina tsoron fushin Baba, ina kuma tsoron komawa zaman ɗakin nan ni kaɗai. Me zan yi?

— Wata ɗaliba a Amurka

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma abin da ya fara shiga raina shi ne shekarar farkon nan da kika kwatanta, yarinya mai shekara 18 a ƙasar da ba ta san kowa ba, tana wuni ba ta yi magana da mutum ba don ta cika alkawarin da ta yi wa mahaifinta. Wannan biyayya ce ta gaske, kuma ina so ki riƙe ta a ranki yayin da ake zargin kin canza. Amma tun daga farko zan gaya miki inda na tsaya: hanyoyi biyun da aka shimfiɗa miki, wato ki watsar da komai ko ki yi wa Baba ƙarya, babu wadda zan ce ki bi a cikinsu a yau. Abin da nake ganin ya dace shi ne ki rage ƙungiyoyin nan da kanki, ki gyara karatunki, sannan ki je wa Baba da gaskiya gaba ɗaya, har da maganar jarrabawar da bai sani ba, ki nemi ya amince da abin da ya rage.

Bari mu fara da Baba, domin idan ba ki fahimci abin da yake tsoro ba, ba za ki iya kwantar masa da hankali ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a Zariya yana koyarwa ya ga abin da harkar ɗalibai ta jawo a idonsa. Ya san tarzomar ɗalibai ta 1978 da ta 1986 a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, waɗanda duka aka rasa rayukan 'ya'yan mutane a cikinsu. Ya ji labaran ƙungiyoyin asiri a jami'o'in Najeriya, ya kuma ga yara masu ƙwaƙwalwa da siyasar ɗalibai ta ɗauke musu hankali har suka fita ba takarda. A kan wannan sai ki ƙara cewa ke 'ya mace ce, kina wata ƙasa da bai taɓa taka ta ba, abin da ya sani game da ita kuma yawancinsa daga talabijin da bakin mutane ne. Barinki ki tafi ma wata sadaukarwa ce, kuma na tabbata akwai 'yan'uwan da suka ce masa ya yi ganganci. Da aka kawo masa hoton nan, ba waina ko atamfa ya gani ba. Abin da ya gani shi ne ya kafa sharaɗi an karya, kuma a bakin wani ya ji, wataƙila ma a gaban mutanen da dama suke jiran wannan rana. Ina kyautata zaton cewa rashin sanar da shi ya fi hoton yi masa ciwo. A nan kina da laifi, 'yata, kuma gara ki karɓe shi: lokacin da malamarki ta ba ki shawara, kamata ya yi ki kira gida ki nemi izini kafin ki rubuta sunanki a ko'ina.

Duk da haka, sharaɗin da Baba ya kafa an gina shi ne bisa irin jami'ar da ya sani, kuma makarantar da kike ciki ba haka tsarinta yake ba. Ƙananan kwalejojin nan na Amurka, irin su Williams da aka kafa a 1793, da Amherst ta 1821, da Grinnell ta 1846 da ke jihar Iowa, an tsara su ne a kan cewa ɗalibi zai zauna a cikin makaranta shekara huɗu, ya ci abinci da 'yan'uwansa, ya ɗanɗana fannoni daban-daban kafin ya zaɓi nasa a wajen ƙarshen shekara ta biyu. Ajujuwansu ƙanana ne, sau da yawa ƙasa da mutum 20, malamai sun san ɗalibansu da suna, kuma akasari babu ɗimbin masu digiri na biyu da na uku da za su tare ƙofar ɗakunan bincike, don haka ɗalibin digirin farko ne ke taya farfesa aiki. Ƙungiyoyin ɗalibai a irin wannan wuri suna da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, kuɗin gudanar da su yana fitowa daga wani kaso da ake karɓa cikin kuɗin makaranta, kuma makaranta ta san shugabanninsu da abin da suke yi. Gari kuma ƙarami ne, babu dangi, babu unguwa, babu gidan biki ko gidan suna da za a je a ga mutane. Wanda ya ƙaurace wa waɗannan ƙungiyoyi ya ƙaurace wa kusan duk wata mu'amala da ke akwai a wurin, kuma kin ɗanɗana abin da hakan ke haifarwa.

Akwai kuma wata hujja da ta shafi burin Baban kansa kai tsaye. A Amurka ba a shiga karatun likita daga sakandare kamar yadda ake yi a gida. Sai an rubuta jarrabawar neman shiga likitanci da ake kira MCAT, an nemi gurbi, an kuma gama digirin farko, sannan a shiga makarantar likitanci ta wata shekara huɗu. Masu tantancewa suna duba maki da farko, amma ba a nan suke tsayawa ba: suna neman shaidar cewa mai nema ya yi hidima ga jama'a, ya taɓa zama kusa da marasa lafiya, ya shiga bincike, kuma suna neman wasiƙun shaida daga malaman da suka san shi da gaske. Ga ɗalibin da ba ɗan ƙasa ba ƙofar ta fi ƙunci, domin makarantun likitanci da yawa ba sa karɓar baƙi sam, masu karɓa kuma sukan nemi shaidar kuɗi mai nauyi. Ina gaya miki wannan ne don ki fara tambayar ofishin da ke ba masu son likitanci shawara tun yanzu, ki kuma buɗe ido ga hanyoyin da ke kusa da shi, kamar lafiyar al'umma ko binciken kimiyyar lafiya. Kowace kika bi, ɗalibar da ta shekara huɗu tsakanin aji da ɗaki, ba wanda ya san ta, za ta zo neman wasiƙar shaida ta tarar malami ba shi da abin rubutawa sai makinta. Koyar da yaran firamaren nan da kike yi yana cikin abubuwan da za a tambaye ki a kai.

Yanzu kuma ga inda Baba yake da gaskiya, kuma jarrabawarki ta riga ta tabbatar da ita tun kafin ya sani. Mu yi lissafi tare. Mako yana da awa 168. Cire 56 na barci, saura 112. Aji da ɗakin gwaje-gwaje za su ci kamar 15, kuma ƙa'idar da makarantun can ke bi ita ce kowace awa ɗaya ta aji tana buƙatar kamar awa biyu na nazari a waje, wato 30 ke nan, saura 67. Cire 10 na aikinki, sannan ki cire kamar awa huɗu a kullum na salla da cin abinci da wanka da wanki da kiran gida, wato 28, sai ki ga abin da ya rage 29 ne. A cikin 29 ɗin nan kika zuba 20 a ƙungiyoyi, kika bar wa hutu da rashin lafiya da makon jarrabawa awa tara kacal. Babu yadda za a yi wannan lissafi ya tafi daidai ba tare da an ciro daga barci ko daga nazari ba, kuma kimiyyar sinadarai ta shekara ta biyu ba ta yafe wa wanda ya rage mata lokaci. Taura biyu ma ba ta taunuwa, ke kuwa huɗu kika haɗa. Na fahimci dalili: wanda ya daɗe cikin kaɗaici, idan aka buɗe masa ƙofa, yakan amsa duk gayyatar da aka yi masa don tsoron kada a daina kiransa. Amma tallafin karatunki yana da sharaɗin ci gaba mai gamsarwa a karatu, bizarki kuma ta rataya ne a kan kasancewarki cikakkiyar ɗaliba. Ki nemo takardar tallafin ki karanta mafi ƙarancin makin da aka gindaya, don ki san iyakar da ba za ki kusanta ba.

Saboda haka shawarata ita ce ki riƙe biyu, ki sauke biyu, kuma jimillar lokacin kada ta wuce awa shida zuwa takwas a mako har sai makinki ya miƙe. Ta farko da zan ce ki riƙe ita ce ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Tsohuwar ƙungiya ce a can, tun 1963 aka kafa ta a Jami'ar Illinois, kuma a ƙaramar kwaleji amfaninta a bayyane yake: ita ke nemo ɗakin salla, ita ke shirya motar zuwa Juma'a idan masallaci yana wani gari, ita ke zama da masu kula da ɗakin cin abinci a kan naman halal da abincin sahur da buɗa-baki idan azumi ya faɗo a tsakiyar zango. Ita ce kuma wadda Baba zai fi saurin ganewa, domin a matsayinsa na malamin sakandare ya san takwararta ta Najeriya, wadda ke nan tun 1954, wataƙila ma ya taɓa zama uban ƙungiyar a makarantarsa. Ta biyu ita ce koyar da yara. Lokacinta ƙayyadadde ne, awa biyu ko uku a mako, ba ta bin mutum har ɗaki, tana da lada, tana da amfani ga takardunki, kuma sana'ar mahaifinki ce. Da wuya malami ya ji 'yarsa tana koya wa yara lissafi zuciyarsa ba ta yi sanyi ba.

Ƙungiyar ɗaliban Afirka ba sai kin yanke hulɗa da ita ba. Ki sauka daga duk wani muƙami ko kwamitin shirya taro, ki zama mai zuwa cin abinci da gaisawa idan kin samu sarari. Ƙawayen da kika samu a can ba rajista ce ta haɗa ku ba, kuma za su ci gaba da zama da ke a teburi ɗaya. Jarida kuwa ita zan ce ki ajiye gaba ɗaya a wannan shekara, duk da na san wataƙila ita ta fi ba ki daɗi. Ita ce ta fi kowace cin lokaci, don tana da ranar fita da ba ta ɗagawa, kuma aikinta yakan kai dare. Akwai kuma abin lura ga ɗalibi baƙo: a watan Maris na 2025 jami'an shige da fice sun tsare wata ɗaliba 'yar Turkiyya da ke Jami'ar Tufts bayan an soke bizarta, kuma abin da aka danganta lamarin da shi shi ne wani sharhi da ta sa hannu a kai a jaridar ɗalibai. Ba ina nufin ki zama marar ra'ayi ba, amma duk abin da aka buga da sunanki yana zama a intanet, kuma matsayinki a ƙasar ba ɗaya yake da na abokan karatunki 'yan ƙasa ba. Idan kin koma jarida nan gaba, ki san abin da kike sa wa hannu. Haka nan nisantar casun da kike yi ki ci gaba da shi: baya ga addini, dokar ƙasar ta hana wanda bai kai shekara 21 ba sayen giya, tabar wiwi kuma ko a jihar da ta halatta ta haramun ce a dokar tarayya, wadda ita ke hukunta maganar biza.

Maganar kimiyyar sinadarai kada ta kwana. A cikin makon nan ki je ofishin malamin a lokacin da ya ware don ganin ɗalibai, ki tafi da takardar jarrabawar, ki ce masa kina so ku bi tambayoyin da kika faɗi ɗaya bayan ɗaya, ki kuma tambaye shi kai tsaye nawa ne ya rage na makin kwas ɗin da abin da kike buƙata a jarrabawar ƙarshe. Na san tarbiyyarmu ta sa muna jin nauyin tunkarar malami, muna ganin kamar rashin kunya ne ko tona asirin kai, amma a can wannan lokaci hakkinki ne, kuma malaman ƙananan kwalejoji sun fi girmama ɗalibin da ya zo da wuri a kan wanda ya ɓuya. Ki nemi mai koyarwa na kyauta daga cibiyar taimaka wa ɗalibai, ki shiga rukunin nazari na mutum uku ko huɗu. Idan malamin da mai ba ki shawara suka ga janyewa daga kwas ɗin ya fi, to kada ki sa hannu a komai sai kin fara zuwa ofishin ɗalibai baƙi, domin sauka ƙasa da cikakken nauyin kwasa-kwasai ba tare da izininsu ba yana iya ɓata miki biza. Su ne kuma za ki tambaya kafin ki karɓi kowane irin aiki a wajen makaranta, ko da na sa-kai ne da ya yi kama da aiki. A cikin makaranta doka ta ba ki har awa 20 a mako lokacin karatu, amma ban ba ki shawarar ki wuce goman da kike yi ba.

Game da shawarar ƙawarki, na san da kyakkyawar niyya ta ba ki, amma kada ki ɗauka. Gaskiya ne cewa wata dokar Amurka ta 1974 ta sa sakamakon ɗalibin kwaleji ya zama sirrinsa, makaranta ba ta saba aika wa iyaye ba sai da yardarsa, don haka kina iya ɓoye makin na wani lokaci. Amma kin riga kin ga yadda hoto ɗaya ya tashi daga tsakiyar Amurka ya sauka a Zariya, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Yau Baba yana fushi ne a kan kin yi abu ba ki faɗa ba, kuma wannan yana gyaruwa da ban-haƙuri. Ranar da ya gano kin ce kin bari alhali ba ki bari ba, abin da zai karye shi ne yardarsa da maganarki, kuma ke da kike nesa ba ki da wani abu da ke tsakaninki da gida sai maganar nan. Ki kuma tuna da Umma, wadda za a ce da saninta, da ƙannenki mata idan kina da su, waɗanda za a auna tafiyarsu karatu da abin da kika yi.

Ga yadda nake ganin za ki tunkare shi. Tunda ba ya ɗaukar waya, ki daina jera masa kira, ki rubuta masa wasiƙa da Hausa, ki tura wa Umma ko wani ƙaninki ya buga a takarda ya miƙa masa. Malami ne, takarda tana da daraja a wurinsa, kuma za ta ba shi damar karantawa shi kaɗai ba tare da ya mayar da amsa nan take ba. Ki fara da neman gafara a kan saɓa umarninsa da rashin neman izini, ba tare da kin haɗa da wani uzuri a jimlar ba. Bayan haka ki ba shi labarin shekarar farko kamar yadda kika ba ni, domin ina zargin duk lokacin da ya kira kina cewa lafiya lau, kuma bai san akwai ranakun da kika wuni ba ki yi magana da kowa ba. Ki faɗa masa maganar jarrabawar da bakinki, ki ce ya yi gaskiya da ya ji tsoron abin zai taɓa karatunki, ki nuna masa matakan da kika riga kika ɗauka: kin ajiye jarida, kin sauka daga shirye-shiryen taro, kin ga malami, kin samu mai koya miki. Daga nan sai ki roƙe shi izinin abu biyun nan, ki bayyana masa su dalla-dalla, ranakunsu da awanninsu da waɗanda kuke yi tare. Ki ba shi alkawarin da zai iya aunawa: za ki riƙa tura masa sakamakonki na kowane zango da kanki, kuma idan maki bai gyaru ba a ƙarshen wannan zango, za ki ajiye har da koyarwar ba tare da gardama ba. Hoton kuma ki yi masa bayaninsa a taƙaice, sannan ki rubuta wa ofishin yaɗa labaran makarantar ki roƙi su cire shi, su kuma daina sa hotonki ba da izininki ba. Irin wannan roƙo ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Kada ki bar Umma ita kaɗai da ɗaukar saƙo tsakaninku, don nauyin ya yi mata yawa, kuma wataƙila ita ma ana ɗora mata laifi. Ki duba cikin dangi ko abokan Baba wanda yake jin maganarsa, baffa ko kawu ko wani abokin aikinsa, musamman wanda ya taɓa karatu a waje ko ɗansa ya yi, ki kira shi ki gaishe shi, ki ba shi labarin gaba ɗaya, ki roƙe shi ya je ya zauna da Baba bayan wasiƙar ta isa. Idan makarantarku tana da limami ko mai kula da harkokin ɗalibai Musulmi, ko akwai wani dattijo a masallacin da kuke zuwa Juma'a, ki nemi ya yi magana da Baba ta waya ko ya rubuto masa 'yan layuka. Babban abin da ke damun uba a irin wannan hali shi ne tunanin cewa 'yarsa ba ta da babba a kusa, kuma jin muryar wani dattijo da ya san ki zai yi aikin da bayaninki ba zai yi ba. Ɗan'uwan da ya kai hoton kuma ki ƙyale shi, kada ki kira shi, kada ki yi habaici a shafinki.

Mai yiwuwa ne bayan duk wannan Baba ya ce a'a. Idan haka ta faru, ra'ayina shi ne ki bi umarninsa a wannan zango, ki cire sunanki daga ƙungiyoyin, ki gaya masa kin cire, sannan ki sake neman izini idan sakamako ya fito da kyau, domin uban da ya ga an bi maganarsa alhali ana da damar ɓoyewa yakan sassauta. Amma ko a lokacin, bin umarnin ba ya nufin komawa zaman shekarar farko, kuma wannan ma ki faɗa masa a fili don kada ya zama wata ɓoyayyiyar hanya. Sallar jam'i da buɗa-baki da 'yan'uwa Musulmi ibada ce. Rukunin nazari karatu ne. Cin abinci a teburi ɗaya da ƙawaye ba ya buƙatar rajista. Kina iya neman a sauya miki aikin ɗakin cin abinci zuwa na laburare, ko taya malami a ɗakin gwaje-gwaje, ko koyar da 'yan shekarar farko lissafi, inda za ki samu albashinki da mutane da kuma malamin da zai san ki. Wasu kwalejojin ma suna da kwasa-kwasan da hidimar cikin gari take cikin manhajarsu, ana ba da maki a kai. Ki tambayi mai ba ki shawara ko akwai irinsu a zango mai zuwa.

Abu ɗaya ne ba zan so ki jira izinin kowa a kansa ba, shi ne lafiyarki. A yankin da kike, idan hunturu ya kankama rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar na yamma, sanyi yana kulle mutane a ɗaki, kuma ƙarancin hasken rana yana jefa wasu cikin ƙunci mai tsanani, balle wanda ya tashi a ranar Zariya. Idan kika ga barci ya rikice miki, ko abinci ya fita ranki, ko kuka yana zuwa ba dalili, ko kin kasa tashi zuwa aji na kwanaki, ki je cibiyar ba da shawara ta makarantar. Yawancin irin waɗannan kwalejoji suna ba ɗalibansu wannan hidima ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma abin da kika faɗa a can sirri ne. Ki kuma tambayi ofishin ɗalibai baƙi ko suna haɗa ɗalibai da iyalai a cikin gari, ki nemi a haɗa ki da gidan da akwai uwa da 'ya'ya mata, inda za ki riƙa zuwa lokacin gajerun hutu idan makaranta ta watse.

Ki fara da ofishin malamin sinadarai gobe, ki rubuta wasiƙar Baba kafin Juma'a, ki kira dattijon da kika zaɓa a ƙarshen mako. Idan amsa ta zo daga gida, kowace iri ce, ki sake rubuto mini mu duba mataki na gaba tare. Allah ya huci zuciyar Baba, ya ba ki nasara a jarrabawarki.